Fanken tuffa: Girkin Turawa da ya samu wurin zama a tandar waina a Tudun Wadan Zariya

Bidiyon bai cika minti ɗaya ba. Wani hannu ya yanka tuffa ƙanana-ƙanana, ya zuba a kwaɓin fulawa, can sai ga wasu dunƙule-dunƙule an fito da su sun yi ja, aka kwarara musu farin sukari yana gangarowa ta gefe. Ƙanwata ce ta turo mini shi ta WhatsApp da daddare, da tambaya ɗaya a ƙasa: "Yaya, za mu iya wannan kuwa?"

Ba kwaɗayi ne ya sa ta tambaya ba. Tana cikin ɗimbin matan Tudun Wada da ke sana'ar cikin gida: cincin, fanke, donot, wani lokaci kek idan an ba da oda. Yawancin masu sayenta ɗalibai ne na wajen Kongo da maƙwabta masu biki ko suna. Matsalar ita ce a layinsu kaɗai mata da yawa ne ke yin irin abin da take yi, kowa na ɗora hoto a waya, kowa na karya farashi. Tana neman abin da babu mai yin sa, wanda kuma ba zai cinye jarin ba.

Abin da ke cikin bidiyon shi ne wanda Amurkawa ke kira apple fritter. Mu a gida mun raɗa masa fanken tuffa, domin da Goggonmu ta leƙa wayar cewa ta yi ai wannan fanke ne ya je makarantar boko ya dawo da farar hula.

Goggo ba ta yi nisa da gaskiya ba. Soya kwaɓin gari a mai sannan a jiƙa shi da zaƙi tsohon abu ne a duniya. Littafin girkin da masu dafa wa Sarki Richard na Biyu na Ingila abinci suka haɗa wajen shekarar 1390 yana ɗauke da yadda ake tsoma tuffa a kwaɓi a soya. Kafin shi ma, littafin girki na al-Baghdadi da aka rubuta a Bagadaza a 1226 ya kawo luƙmatul ƙadi, wato lomar alƙali, kakan luƙaimat ɗin da alhazanmu ke ci a Saudiyya. A Holan har gobe ba a shiga sabuwar shekara ba tare da oliebollen ba, wani fanke da sukan sa wa busasshen inabi ko tuffa. Mu kuma muna da alkaki, wanda ake soyawa a tsoma a ruwan sukari ko zuma, kuma garar amarya ba ta cika sai da shi. Abin da ya zo mana baƙo a wannan girki guda ɗaya ne: tuffar kanta.

Gwajin farko ya ci mana mai

Ranar Asabar muka sayo tuffa huɗu a wajen masu kayan marmari, muka bi bidiyon ƙafa da ƙafa, sai dai mu suya muka yi domin hannunmu ya fi sabawa da kasko. Kaskon farko ya fito baƙi ƙirin a waje, ciki kuwa ɗanyen kwaɓi. Muka rage wuta. Na biyu ya dahu har ciki, amma idan ka matsa shi mai ne ke ɗiga.

Daga baya na gane inda muka kuskure. Kwaɓin fanke na yis ne, ya tashi, cike yake da iska, shi ya sa yake yawo a saman mai yana dahuwa da wuri. Wannan kwaɓin kuwa nauyi gare shi, kuma tuffa kusan kashi 85 cikin 100 nata ruwa ne. Da ta ji zafi sai ta riƙa sakin ruwan a cikin kwaɓin, tsakiya ta ƙi dahuwa, alhali sukarin da ke waje ya riga ya ƙone. Masu yin sa a shago suna tsayar da zafin mai a wajen digiri 175 zuwa 180, suna kuma baje kwaɓin ya yi faɗi. A kan gawayi, ba ma'auni, wannan sai wanda hannunsa ya faɗa.

Asarar da ta fi yi wa ƙanwata ciwo ba fulawar ba ce. Man ne. Sukari da kirfa da ruwan tuffa sun baƙanta shi, ya ɗauki ƙamshin da ba zai bari a sake soya cincin da shi ba. Duk wadda ke wannan sana'a ta san cewa ribarta tana cikin sau nawa mai ɗaya zai yi mata aiki, kodayake masana lafiya sun daɗe suna gargaɗi a kan man da aka yi ta maimaita suya da shi har ya yi duhu. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki darajar naira a watan Yunin shekarar, man girki ya zama abin da ake awo da murfin kwalba a gidaje da yawa. A tsakiyar 2024 alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. A irin wannan yanayi, girkin da zai lalata rabin galan a zama ɗaya ba girkin kasuwa ba ne.

Sai muka koma ga gashi, wanda dama shi ne mai bidiyon ta yi.

Tuffar da muke ci daga ina take?

Kafin nan, ya kamata a faɗi dalilin tsadarta, domin shi ne zai yanke hukuncin ko sana'ar za ta yiwu.

Itacen tuffa na buƙatar dogon sanyi kowace shekara kafin ya yi fure yadda ya kamata. Asalinsa tsaunukan Asiya ta Tsakiya ne, wajen Kazakistan, inda har yau kakanninsa na daji ke tsiro, kuma sunan birnin Almaty ma yana da alaƙa da kalmar tuffa a harshensu. Hunturun Zariya, duk da yadda yake sa mu rawar ɗari a watan Janairu, bai kai wannan ba. Ana ɗan noma ta a wurare masu tudu da sanyi irin su Jos da Mambila, amma abin bai taka kara ya karya ba. Tuffar da ka gani a tire a bakin titi, mai ɗan tambari manne a jikinta, daga ƙetare take, akasari Afirka ta Kudu. Jirgin ruwa ne ya kawo ta cikin kwantena mai sanyi zuwa Legas, mota ta ɗauko ta zuwa Arewa, kuma da dala aka biya kuɗinta. Duk lokacin da naira ta yi tari, farashin tuffa sai ya yi atishawa.

Haka ita ma fulawar. Mafi yawan alkamar da kamfanoni ke niƙawa shigo da ita ake yi, shi ya sa yaƙin Rasha da Yukren da ya ɓarke a 2022 ya taɓa har mai fanken ƙofar makarantar allo.

Wajen zaɓe kuma, koriyar tuffa mai ɗan tsami, wadda ake kira Granny Smith, ita ta fi dacewa da wuta. Tana da tauri, ba ta narkewa ta zama ruwa, tsaminta kuma yana karya zaƙin sukari. Jar tuffa ta fi daɗin ci ɗanya, amma a cikin kwaɓi ɗanɗanonta ɓacewa yake yi. Wata dabara da muka koya: masu sayarwa sukan ware waɗanda suka ɗan bugu ko fatarsu ta fara yamutsewa su rage musu kuɗi. Tunda feraye za a yi a yanka, waɗannan sun wadatar, muddin ba ruɓa suka yi ba. A yanke wurin da ya bugu a zubar.

Kwaɓin

Ga ma'aunin da muka tsaya a kai bayan gwaji uku. Fulawa kofi 2, wato kimanin giram 250. Sukari babban cokali 4. Bekin fauda ƙaramin cokali 2. Gishiri rabin ƙaramin cokali. Garin kirfa ƙaramin cokali 1, da ɗan goga gyaɗar ƙamshi idan akwai. Ƙwai 2, madarar gari da aka dama rabin kofi, narkakkiyar bota babban cokali 3, sai tuffa manya 2.

A tankaɗe busassun kayan wuri ɗaya. A kaɗa ƙwai da madara da bota a wani kwano daban. A fere tuffar, a cire ƙwallayen, a yanka ta kamar girman ƙwayar gyaɗa, a matse mata rabin lemon tsami. Lemon tsamin ne ke hana ta yin duhun nan da take yi idan iska ta taɓa ta. Sai a haɗa mai ruwa da busasshe a juya, a zuba tuffar a ƙarshe.

A nan hannun da ya saba da fanke ke cin amanar mai shi. Kwaɓin fanke bugu yake so, har sai ya yi danƙo. Wannan kuwa idan aka buga shi tauri zai yi kamar roba. Da zarar garin ya ɓace a tsaya, ko da akwai 'yan gudaji. Kuma ba a ajiye shi ya tashi, domin bekin fauda tana fara aiki ne da zarar ta ji ruwa. Kaurinsa ya zama idan an ɗebo a cokali sai an tura da yatsa kafin ya faɗi.

Wadda ke da obin aikinta ya yi sauƙi: ta shafa wa tire mai, ta jera kwaɓin cokali-cokali da tazara, ta gasa a digiri 200 na minti 12 zuwa 15. Amma obin na lantarki a unguwa irin tamu abu ne da ake kunnawa da addu'a. A gwajinmu na biyu wuta ta ɗauke bayan minti shida, muka zauna muna kallon kwaɓi yana bajewa ta cikin gilashi.

Tukunyar yashi ita ce obin ɗin mafi yawan mata a nan, kuma tana aiki. Ana zuba tsabtataccen yashi ko ƙananan duwatsu a gindin babbar tukunya, a rufe a bar ta ta yi zafi kamar minti 15, a ɗora gwangwanaye a matsayin ƙafa, sannan a aza tiren a rufe. Aibinta shi ne zafin daga ƙasa kawai yake zuwa, sai gindin ya yi ja sama kuma ya fito fari kamar wanda ya tashi daga jinya. Maganin hakan shi ne a ɗora garwashi a kan murfin a mintunan ƙarshe. Ya yi daɗi, amma ya fi kama da ƙaramin kek fiye da fanke. Babu wannan ɓawon mai ƙaras-ƙaras da suya ke bayarwa.

Tandar Goggo

Goggo tana zaune a tabarma tana kallon duk wannan wahala. Sai ta aiki yaro ya ɗauko mata tandar wainarta ta ƙasa, wadda ta girme ni, ta ce da ƙanwata: "Ke 'yar nan, ɗiga mai kaɗan ki zuba a nan mu gani."

Abin da ya fito shi ne wanda muke nema tun farko. Kowane gurbi ɗigon mai kawai yake buƙata. Gefen da ya taɓa tandar ya soyu ya yi ɓawo, ciki kuma ya gasu a hankali domin gurbin ba shi da zurfin da zai bar tsakiya ɗanya. Ana juyawa da cokali kamar waina. Wuta dai ta zama ƙasa-ƙasa, ƙasa da ta waina, saboda wannan kwaɓin yana da sukari da ƙwai, saurin ƙonewa gare shi. Kada a cika gurbin, kashi biyu cikin uku ya isa, domin zai kumbura. Don tanda mun ƙara madara cokali biyu ko uku kwaɓin ya ɗan saki. Man da muka kashe gaba ɗaya bai kai ludayi guda ba, kuma babu ragowar da za a zubar.

Na ɗauka mun ƙirƙiro wani sabon abu ne, sai da na bincika na tarar mutanen Denmak sun riga mu da ɗaruruwan shekaru. Suna da wani abin ci da suke kira aebleskiver, ma'anar sunan kuwa yankakkiyar tuffa, domin a da da tuffa a ciki ake yin sa. Kaskon da suke gasa shi na ƙarfe ne mai zagayayyun gurabe, wanda idan aka ajiye shi a kasuwar Tudun Wada ba mai cewa ba tandar waina ba ce. Lokacin Kirsimeti suka fi yin sa, su barbaɗa masa garin sukari. Da na nuna wa Goggo hoton, ba ta yi mamaki ba ko kaɗan. Tambaya kawai ta yi ko su ma da tsinke suke juyawa. Amsar ita ce e, har da allurar saƙa wasunsu ke amfani.

Farar hular

Saura sukarin da ake kwararawa a kai, wanda shi ne ke jan ido a hoto, kuma hoto ne ke sayar da kaya a waya.

Na bidiyon da garin sukari ake yi, mai laushi kamar hoda: kofi 1, a dama da madara cokali 2 zuwa 3 har ya yi kaurin zuma. Na kanti yana da tsada, amma ana iya niƙa sukarin gida a busasshen kofin bilenda, a ƙara ɗan garin sitacin masara don kada ya dunƙule, a tankaɗe da rariya mai laushi. Ana zubawa ne lokacin da fanken ke da ɗumi. Idan da zafi sosai zai narke ya shige, idan ya huce kuma zai zauna a kai kamar fenti.

Ni dai na fi son hanyarmu ta gida, kuma mata masu alkaki sun san ta tun kafin a haifi mai bidiyon. Idan aka dafa sukari da ruwa aka sa tsamiya ko lemon tsami, tsamin yana hana sukarin komawa ƙwaya-ƙwaya, sai ya zauna da sheƙi da danƙo, irin na alkaki. Idan kuma ba a sa tsami ba aka dafa ya yi kauri aka juya, zai bushe ya yi farin ɓawo, irin na gyaɗa mai sukari. Mai son sheƙi ta bi ta farko, mai son farar hula ta bi ta biyu. Ruwan sukari mai tsamiya ya fi shiga da kirfa da tuffa, a bakina, fiye da garin sukari da madara wanda zaƙi ne zalla ba wani abu a bayansa.

Yanayi ma yana da ta cewa. A hunturu, lokacin da iskar Zariya ke busar da wanki kafin ka gama shanya, farin sukarin yana daskarewa cikin 'yan mintuna. A watan Agusta kuwa yana jan laima daga iska, kafin awa biyu ya jiƙe ya manne da leda. Wadda za ta sayar a damina gara ta bari sai mai oda ya kusa zuwa sannan ta kwarara.

Game da lafiya, ba sai an yi dogon wa'azi ba. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 ita ce sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa a rana, wato kimanin ƙaramin cokali 12 ga babba, kuma rabin haka ya fi. Kofi guda na garin sukari shi kaɗai ya ninka wannan fiye da sau biyu. Kasancewar akwai tuffa a ciki bai mayar da shi abincin masu ciwon suga ba, kuma bai kamata mai sayarwa ta tallata shi a haka ba.

Lissafin kasuwa

Da muka zauna da biro da takarda, abu biyu suka fito fili.

Na farko, ba ya kwana. Cincin yana yin makonni a bokiti, alkaki ma yana jimawa, shi ya sa ake kai su gara. Fanken tuffa kuwa, saboda ruwan da ke cikinsa, ranar da aka yi shi ne ranarsa. Washegari ya yi laushi, a zafin Afrilu kuma yana iya fara tsami. Ba abin da za a jera a shago a jira mai saye ba ne. Sai dai oda: shan ruwa, walima, kai wa surukai, ko ɗalibar da ke son burge ƙawaye ranar haihuwarta.

Na biyu, a kwaɓi ɗaya tuffa biyun nan su ne kayan da suka fi komai cin kuɗi, kuma su ne farashinsu ya fi rawa. A nan ne na ga ya kamata a rabu da bidiyon. Mun gwada da ayaba, ya yi daɗi amma ya yi nauyi, kuma dole a rage sukari. Abarba ta yi kyau idan an yanka ta ƙanana an matse ruwan. Gwandar da ba ta gama nuna ba tana da taurin tuffa, sai dai ba ta da ɗanɗano sai an taimaka mata da lemon tsami da kirfa. Wanda ya ba ni mamaki shi ne mangwaron da ya fara nuna bai gama ba, irin marar zare. Yana da tauri, yana da tsamin da ake nema a koriyar tuffa, kuma daga Maris zuwa Mayu a Zariya yana zubowa ne har a rasa mai tsinta. Mutum uku cikin waɗanda muka ba ɗanɗano a gida sun fi son sa a kan na tuffa. Ɗan yayana kuwa ya ƙi yarda sam cewa mangwaro ne.

Duk da haka ƙanwata ta ce sunan tuffa ne ke sa mutum ya tsaya ya kalli hoton, kuma ba na jin ta yi kuskure. Akwai masu biyan kuɗin suna. Abin da ta yanke shi ne ta sa kala biyu da farashi biyu, ta kuma faɗa wa kowa gaskiyar abin da ke ciki: na tuffa ga mai oda da ya biya rabin kuɗi tukuna, na mangwaro ko abarba kuma gwargwadon abin da kasuwa ta kawo.

Odarta ta farko ta zo ne daga wata maƙwabciya mai suna, guda 60, rabi da rabi. Ta tashi tun asuba ta hura gawayi, ni ina fere tuffa, Goggo na zaune kusa da tandarta tana lura da wuta, domin ta ce aro ta bayar ba kyauta ba. Ta kuma gindaya sharaɗi: kada a kuskura a wanke mata ita da sabulu, kuma kafin Juma'a a dawo da ita, tana da wainar sadaka.